Tambaya da Amsa: Ƙananan Kawunan Jirgin Ƙasa Masu Sauti da Yadda Ake Haɗa Su

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo da ake tuƙawa da tsarin DCC, wato aika wa kowane kan jirgi umarninsa ta cikin layin dogo, musamman kawunan da aka sa wa dikoda mai sauti. Dikoda ita ce ƙaramar na'urar da ke karɓar umarnin a cikin kan jirgi. Mun taƙaita wasu tambayoyin don amsa ta samu fili.

Assalamu alaikum. Na daɗe ina tuƙa jiragena da taransifoma ta gargajiya, wadda in ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu. Yanzu na samu kan jirgi na ma'aunin HO mai sauti da akwatin DCC. Me ya bambanta su, kuma ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A tsohon tsarinka layin dogo kake sarrafawa, duk kan jirgin da ke kansa dole ya bi. A DCC wuta tana kan layi koyaushe, kimanin volt 14 zuwa 15 a ma'aunin HO (girman kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske), kusan 12 a ma'aunin N da ya fi shi ƙanƙanta, kuma ita kanta wutar ce ke ɗauke da umarni. Akwatin umarni yana jujjuya ta sau dubbai a daƙiƙa, gajeriyar juyawa tana nufin 1, doguwa tana nufin 0. Dikodar da ke cikin kowane kan jirgi tana karanta saƙon, in adireshinta ne ta aikata, in ba nata ba ne ta ƙyale. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya ƙirƙiro tushen tsarin, NMRA, ƙungiyar masu jiragen ƙasa na kwaikwayo ta Amurka, ta mai da shi ƙa'ida a shekarun 1990. Shi ya sa dikodar wannan kamfani take jin umarnin akwatin wancan.

Kafin komai, kwashe tsofaffin kawunan da ba su da dikoda daga kan layi. Motonsu zai yi ta ƙugi yana zafi ko da ba ya tafiya, kuma yana iya ƙonewa. Kada kuma ka bar tsohuwar taransifoma da akwatin DCC a jone da layi ɗaya.

Sabuwar dikoda tana zuwa da adireshi 3. Kira 3 a rimot, gwada fitila da maɓallin F0. A kawunan da aka tsara bisa al'adar Amurka, F1 ƙararrawa ce, F2 hon, F8 kuma na kunna sauti ko kashe shi; na Turai sukan sa kunna sauti a F1. In komai ya amsa, sai ka canja adireshi, domin duk sabon kan da ka ƙaro shi ma 3 zai zo da shi. Saitunan dikoda suna zaune ne a wasu gurabe masu lamba da ake kira CV. Gajeren adireshi, 1 zuwa 127, yana CV1. Dogon adireshi yana CV17 da CV18, kuma an fi so a yi amfani da lambar da ke rubuce a jikin kan jirgin don kada a manta. A ce lambar 4012 ce: raba ta da 256, ka samu 15, saura 172. CV17 zai zama 192 a tara da 15, wato 207, CV18 kuma 172. Sannan sai an gaya wa dikoda ta koma dogon adireshin ta CV29: 32 na dogon adireshi, 2 na matakan gudu 28 ko 128, jimla 34. Yawancin akwatuna suna yi maka wannan lissafin da kansu, amma sanin sa zai fisshe ka ranar da kan jirgi ya ƙi amsawa. In ka ƙara 4 ya zama 38, kan zai iya tafiya a kan layin gargajiya ma. Mu dai shawararmu kada a ƙara wannan 4 ɗin in ba a buƙata, don shi ne kan sa kan jirgi ya zabura a guje in saƙo ya rikice.

Malam, kan jirgina na dizal yana tafiya lafiya, amma da ya zo mararrabar layi sai sauti ya ɗauke, fitila ta ƙyafta, inji ya sake tashi daga farko. Wanda ba shi da sauti yana wuce wurin ba matsala. Dikodar ce ta lalace?

Da wuya a ce dikodar ce. Wuta ce ke yankewa na ɗan ƙiftawar ido. Kan da ba shi da sauti shi ma yana rasa ta a wurin, sai dai nauyin da ke jikin motonsa yana tura shi ya haye, ba ka lura ba. Dikoda mai sauti ƙaramar kwamfuta ce, da wuta ta ɗauke sai ta fara daga tushe.

Fara da tsafta. Goge saman dogo da ƙyalle marar gashi da aka jiƙa da barasar goge kayan lantarki. Kada ka sa samfefa, tana barin ƙananan zane da datti zai cika. Don ƙafafun kan jirgi, shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kan layi, ɗora rabin ƙafafun a kai, rabi a kan dogo, riƙe kan da hannu ka ba shi totur su juya, sannan ka juya shi ka yi wa ɗaya ɓangaren. Duba siraran tagullar da ke gogar bayan ƙafafu suna ɗebo wuta: gashi da zare kan naɗe a nan, wani lokaci kuma tagullar ta saki ba ta taɓa ƙafa. Ƙafafun taragu ma a goge su, musamman na roba, domin su ke yawo da datti.

In tsafta ba ta magance ba, koma kan mararrabar. Harsunan da ke motsi sukan dogara da jingina da dogo kawai don samun wuta, kuma wannan jinginar ba abin dogaro ba ce. Kama siririyar waya da dalma daga dogon gefe zuwa dogon da harshen ke liƙe da shi. Tsakiyar mararraba, inda dogo biyu suka gitta, in na roba ne babu wuta a wurin sam. In na ƙarfe ne ana iya ba shi wuta ta makunnin da ke canja ɓangare tare da mararrabar. Haka nan kada a bar ƙananan maɗauran dogo su zama su ne ke ɗaukar wuta. A ja babbar waya biyu mai kaurin kusan murabba'in milimita 2 a ƙarƙashin tebur, a riƙa ɗaukar siraran wayoyi daga gare ta zuwa dogo a kowace mita ɗaya.

Sai bayan duk wannan ake maganar kafasitar ajiye wuta. Akwai na kamfani, irin su PowerPack na ESU, CurrentKeeper na SoundTraxx da Keep-Alive na TCS, masu riƙe dikoda na 'yan daƙiƙu. Mai son haɗa nasa zai nemi kafasita mai jure volt 25, da resista ta om 100 don ta cika a hankali, da dayod a gefen resistar don wuta ta fito da sauri in an buƙace ta. Ana jona ta ne a wayar shuɗiya da gurbin nagetif na dikoda, ba a kan wayoyin layi ja da baƙa ba; in ka sa ta can fashewa za ta yi. A kula kuma, kan da ke da babbar ajiya ba ya tsayawa nan take in an yanke wuta, don haka a sa shinge a ƙarshen kowane layi.

Ina so kawuna biyu su ja dogon jirgin kaya kamar na gaske, ɗaya yana kallon gaba ɗaya baya. Da na haɗa su sai ɗaya ya riƙa jan ɗaya, ƙafafu na murzawa a banza, wani lokaci taragu su sauka daga layi. Ga shi in na danna hon duka biyun ke busawa. Yaya ake yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa a wasiƙunmu, don haka za mu ɗan zauna a kanta.

Hanyoyin haɗa kawuna uku ne. Ta farko, ka ba su adireshi ɗaya. Tana da sauƙi, amma duk abin da ka danna su duka za su yi, kuma ba ka iya raba su sai ka sake saiti. Ta biyu, akwatin umarni ne ke riƙe jerin kawunan yana aika wa kowane umarnin gudu da adireshinsa. Tana aiki da kowace irin dikoda, sai dai haɗin yana cikin akwatin ne, in ka kai kawunan wani layi ya warware, kuma in haɗe-haɗen sun yi yawa saƙonni kan yi cunkoso. Ta uku, wadda muka fi so ga kawuna masu sauti, ita ce a rubuta adireshin haɗaka a cikin dikodar kanta, a CV19.

Zaɓi lamba tsakanin 1 da 127 wadda babu kan da ke amfani da ita a matsayin gajeren adireshi, a ce 100. Kan da ke kallon gaba ka sa masa 100 a CV19. Wanda ke kallon baya ka ƙara masa 128, ya zama 228, don ya san gaban jirgi bayansa ne. Daga nan gudu da alkibla daga adireshi 100 kawai suke karɓa.

Maganar hon tana CV21 da CV22, su ne ke faɗa wa kowane kai maɓallan da zai saurara daga adireshin haɗaka. A CV21 kowane maɓalli yana da ƙima: F1 1 ne, F2 2, F3 4, haka ake ninkawa har F8 da ke 128. Kan gaba yana buƙatar ƙararrawa, hon da maɓallin sauti, wato 1 da 2 da 128, jimla 131. Na baya maɓallin sauti kaɗai, 128. Shi ke nan, hon ɗaya zai busa, injuna biyu kuma su yi ruri tare. CV22 na fitilu ne da F9 zuwa F12: 1 fitilar gaba, 2 ta baya. Kan gaba ka ba shi 1, na tsakiya in akwai 0. Na ƙarshe mai kallon baya gwada 1, in fitilar da ta kama ba ita kake so ba ka mai da 2, domin dikododi sun saɓa a yadda suke fahimtar gaba da baya a cikin haɗaka. Wasu akwatunan kuma suna aika maɓallan kai tsaye ga adireshin kan gaba, a nan sai ka ga hon ya daidaita ko ba ka taɓa CV21 ba.

Akwai tarko ɗaya in dikododin ba na kamfani ɗaya ba ne. A na ESU da aka tsara don jiragen Amurka, danna F8 kunna inji ne. A na SoundTraxx danna F8 kashe sauti ne. Ka haɗa su ka danna, ɗaya ya tashi ɗaya ya yi shiru. Cire 128 daga CV21 na ɗayansu, ka riƙa kula da sautinsa ta adireshinsa.

Yanzu ga tushen matsalarka, wato gudu. Haɗaka umarni ɗaya kawai take ba su, ba ta sa su gudu ɗaya. Shanun huɗa biyu in ba a daidaita takunsu ba, kunya ba ta miƙewa. Kafin ƙugiya ta shiga ƙugiya sai an daidaita.

Bar kowane kai ya zagaya na minti goma moto da giya su yi ɗumi, don kan da ya yi sanyi gudunsa daban ne. Rubuta lambobin da ke CV2 zuwa CV6 na kowanne a takarda kafin ka taɓa komai. Mai da CV3 da CV4, na nauyin tashi da tsayawa, sifili. Zaɓi kan da ya fi ƙarancin gudu ya zama ma'auni, domin rage mai sauri ake yi, ba a iya ƙara wa marar ƙarfi abin da ba shi da shi. Ɗora su a layi ɗaya ba tare da ka maƙala su ba, da tazarar kamar santimita 30, ka sa rimot a matakai 28. Kai su mataki na 28, ka lura tazarar na raguwa ko ƙaruwa, ka rage CV5, wato ƙarshen gudu, na mai saurin har tazarar ta tsaya. Koma mataki na 14 ka gyara CV6, na matsakaicin gudu. Sauko mataki na 1 ka gyara CV2, na fara motsi, har su biyun su motsa tare a hankali. Sake zagayowa, domin taɓa ɗaya kan ɗan motsa sauran. In a gaba sun daidaita amma a baya sun saɓa, CV66 na gyaran gudun gaba ne, CV95 na baya, kuma 128 ne tsaka-tsakinsu a dikododin da ke da su. Ka tuna kan da zai kalli baya, gudunsa na baya ne ya kamata ya yi daidai da gudun gaba na ɗan'uwansa. In kuma ka ga CV6 ba ya yin komai, duba CV29: in an ƙara 16 a ciki, dikodar tana bin jadawalin gudu na CV67 zuwa CV94 ne.

Mai son auna gudu da lamba zai iya: HO kashi 1 cikin 87 ne, don haka raba 313 da daƙiƙun da kan ya ɗauka ya cinye mita ɗaya, za ka samu kilomita a awa na jirgin gaske. Daƙiƙa 5 kusan kilomita 63 ke nan.

Sannan ka mai da nauyin tashi da tsayawa, CV3 da CV4. A ƙa'idar NMRA ana ninka lambar da daƙiƙa 0.896, wato 20 tana ba da kusan daƙiƙa 18 daga tsaye zuwa ƙarshen gudu. Wasu dikododi da 0.25 suke ninkawa, 20 ɗin daƙiƙa 5 ce kawai a wurinsu. Don haka kada ka kwafi lamba, agogo za ka bi. Wasu dikododin sauti kuma sukan jira inji ya yi ruri kafin ƙafa ta motsa, abin sha'awa ne in kan yana shi kaɗai, amma a haɗaka ɗan'uwansa zai yi ta jan sa a tsaye. A LokSound, dikodar sauti ta ESU, ana kashe wannan jiran a CV124, ta cire 4 daga lambar da ke ciki.

In bayan haka har yanzu suna fizgar juna a ƙaramin gudu, sanadin shi ne wani tsari a cikin dikoda da ke auna juyawar moto yana ƙara masa wuta in kaya ya yi nauyi. Kowane kai yana ƙoƙarin riƙe gudunsa, ɗaya na turawa ɗaya na tirjewa. Rage ƙarfinsa a ɗayansu ko duka. Lambar CV ɗin ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, tana cikin littafin dikoda. Ba sai sun yi daidai ɗari bisa ɗari ba. In saura ɗan bambanci, sa mai ɗan saurin a gaba don ƙugiyoyi su kasance a miƙe.

Kawuna shida masu sauti nake da su a kan layi. In wuta ta haɗu akwatin ya kashe kansa, ko na gyara abin da ya jawo ba ya dawowa sai na ɗauke wasu. Kuma layin saiti ya ƙi karanta CV na ɗayansu.

Matsalolin biyu tushensu ɗaya. Kowace dikoda mai sauti tana da kafasitoci da ke zuƙar wuta da yawa a lokacin da aka kunna. Shida a tare sukan ja abin da akwatin zai ɗauka shot ne, wato haɗuwar wuta, ya sake kashewa. Lissafa kusan rabin amfiya ga kowane kan HO mai tafiya da sauti. Ƙananan akwatunan masu farawa amfiya 2 zuwa 3 suke bayarwa. Mafita mafi sauƙi ita ce a sa makunni a layukan ajiya, kan da ba ya aiki a yanke masa wuta. Mafi inganci, a raba layin gida-gida, kowane da na'urar yanke wuta ta lantarki da aka yi don DCC, ko a ƙaro busta, na'urar ƙara wa layi ƙarfin wuta, mai amfiya 5. Bayan kowane gyaran waya, ɗora kwabo ko wani ƙarfe a kan dogo biyun a wurare daban-daban. In akwatin bai yanke nan take ba, wayar wurin ta yi siriri ko nisa, kuma ranar da shot na gaske ya faru roba za ta narke kafin ya ankara.

Layin saiti, wato keɓantaccen layin da ake karanta CV da rubuta su a kai, da gangan aka rage masa wuta don kare dikodar da aka jona ba daidai ba, kuma yana jin amsar dikoda ne ta ɗan fizgar wuta da moto ke yi. Kafasitoci kan shanye wannan amsar. Goge ƙafafu tukuna, ka tabbata moto a jone yake. In ya ƙi, akwai ƙaramar busta ta layin saiti, ko ka rubuta CV a babban layi ta adireshin kan. A kula sosai a nan a kira adireshin daidai. Manhajar DecoderPro ta JMRI kyauta ce, tana ajiye saitin kowane kai a kwamfuta, kuma ga mai kawuna shida ta cancanci wahalar koyo.

Na warware haɗaka a rimot, amma ɗaya daga cikin kawunan yana hon, yana kunna fitila, ya ƙi tafiya.

'Yar'uwa, CV19 ɗinsa bai goge ba, wataƙila ba ya kan layi ko ƙafafunsa ba su samu wuta ba lokacin da kika warware. Rubuta 0 a CV19, zai tafi. Kada ki yi gaggawar mai da dikoda yadda ta fito daga kamfani. A da yawa rubuta 8 a CV8 ke yin haka, kuma zai share adireshi da duk daidaita gudun da kika yi.

Sautin kan jirgina mai tururi siriri ne kamar na rediyon da batir ya yi wa sanyi, kuma hucin bai tafiya da juyawar ƙafafu.

Mafi yawan lokuta lasifikar ba ta da akwati a bayanta, ko akwatin yana yoyon iska. Iskar da gaban lasifika ke turawa da wadda bayanta ke ja suna haɗuwa su kashe juna, ƙasan sautin ya ɓace. Rufe bayanta ruf, ka toshe har ramin da waya ta fito da ɗan gam. Ƙaramar lasifika mai milimita 11 da 15 a akwati mai kyau ta fi babba a buɗe. Duba om ɗinta ya dace da dikoda: yawancin na yanzu 8 ne, wasu suna karɓar 4, tsohuwar LokSound V3.5 kuwa 100 take so. Lasifika biyu masu om 8 in aka jona su gefe da gefe sun zama 4, in aka jera su ɗaya bayan ɗaya 16, kuma dole fosetif ɗinsu ya fuskanci hanya ɗaya. Wayar lasifika kada ta taɓa jikin ƙarfen kan jirgi ko wata waya, nan take amfilifayar dikoda ke ƙonewa. Rage ƙarar ma, domin daga kamfani a sama suke zuwa, lasifika tana karkarwa: CV63 a ESU, CV128 a SoundTraxx, CV266 a ZIMO. Rabi ya wadatar a ɗaki.

Huci kuwa, kan jirgi mai silinda biyu huɗu yake yi a kowace juyawar babbar ƙafa, mai silinda uku shida. Ɗiga alamar alli a gefen ƙafa ɗaya, sa kan a mataki na 1, ka ƙirga huci daga fitowar alamar zuwa dawowarta. A LokSound CV57 ke gyara tazarar huci a mafi ƙanƙantar gudu, CV58 kuma yadda take raguwa in gudu ya ƙaru, don haka ka fara da 57, sannan ka hau mataki na 4 ko 5 ka gyara 58. A gama daidaita CV2, CV5 da CV6 kafin a zo nan, domin duk lokacin da aka taɓa gudun moto sai an sake ƙirga hucin.